Kalangu da Zare: Asali da Halayen Kiɗan Maza, Aikin Hannu da Wasan Dambe a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun saba raba kiɗa da waƙa, da sana'o'in hannu, da wasannin jarumta zuwa fannoni uku, kowanne da malamansa da littattafansa, har ta kai ga wanda ya ƙware a waƙar baka ba lalle ne ya taɓa zama a gidan dambe ba, shi kuwa mai nazarin wasanni yakan ɗauki makaɗin da ke gefen fage tamkar mai ƙawata taro kawai. Wannan rabo yana sauƙaƙa tsara karatu, amma yana rufe wani abu da duk wanda ya tashi a karkara ya sani, wato a ƙasar Hausa abubuwan nan uku daga saiwa ɗaya suka tsiro, kuma saiwar ita ce sana'ar da mutum ya gada, tare da lokutan shekara da noma ya tsara wa jama'a. Maƙalar nan ta ɗauki dambe a matsayin misali domin a fagensa ne ake ganin ukun a haɗe, sannan ta leƙa kokawa a Jamhuriyar Nijar domin a ga yadda wasa irin wannan yake sauyawa idan hukuma ta karɓe shi.

Abin da ake nufi da kiɗan jama'a a nan shi ne kiɗan da ba a keɓe wa fada ko wani basarake ba, wanda kowa yana iya tsayawa ya saurara, kuma duk mai abin hannu yana iya yin kyauta a ambaci sunansa. Aikin hannu na gargajiya kuwa shi ne abin da ake ƙerawa ko a sassaƙa ko a ɗinka bisa koyon da aka yi a gaban uba ko ubangida, wanda mai yinsa ba ya rubuta sunansa a jiki. Kalmar wasa ita ce mai faɗi, domin Bahaushe yana cewa za a yi wasan dambe, yana kuma cewa makaɗi zai yi wasa a gidan biki, bai ga dalilin ƙirƙiro kalma biyu ba. Akwai kuma wata kalmar da ake rubutawa da haruffa iri ɗaya, karin sauti ne kawai ya bambanta su, wato wasa wuƙa a dutse, wadda daga gare ta aka samo wasa mutum da kirari. Kalmomin biyu ba ɗaya ba ne a nahawu, sai dai a fagen dambe kullum tare ake samunsu, kuma mahauci, wanda ba ya fara aiki sai ya wasa wuƙarsa, ya fi kowa sanin abin da makaɗi yake yi masa idan ya wasa shi.

Kowace Sana'a da Kiɗanta

A tsarin zaman Hausawa na dā, sana'a gado ce, kuma kusan kowace babbar sana'a tana da kayan kiɗan da aka san ta da su. Maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma wadda ake kaɗawa a wurin gayya, wato aikin gona na taron dangi da maƙwabta, maharba suna da komo da garaya, mahauta kuwa, waɗanda ake kira Rundawa, kalangu ne nasu. Fada tana da nata kayan daban, tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi, kuma tarihin Kano da aka rubuta ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa ya tattara wannan rabe-rabe dalla-dalla, kuma abin da ya fito fili daga aikin nasu shi ne Bahaushe yana gane kiɗa ta wurin wanda ake yi wa shi kafin ya gane shi ta wurin amonsa.

Kiɗan sana'a yana da aiki takamaimai. Idan an yanka sa a gari, kalangu ne yake sanar da mutane cewa nama ya samu, kuma idan makaɗi ya ɗaga kiɗa a bakin mahauta, ciniki yake jawowa, ladansa kuwa tsoka ce ko 'yan kuɗi daga Sarkin Fawa da yaransa. Daga nan ne kalangu ya bi mahauta zuwa wasanninsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne hawan ƙaho, inda saurayi yake tunkarar bijimin da aka ɗaure da igiya ya rungume kansa a tsakanin ƙahonni, ɗayan kuma dambe. Dukansu biyu ƙwarewar aiki ce aka mayar abin kallo, domin mai kayar da sa kullum yana bukatar ƙarfin damtse da rashin tsoron jini, kuma idan kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, aure da kalankuwa suka yawaita, mahauta sukan bi ƙauyuka suna yanka, a nan suke haɗuwa da takwarorinsu na wasu garuruwa, da yamma a buɗe fage. Kokawa ta bi irin wannan hanya a wajen manoma, ita ma wasan kaka ce, lokacin da ciki ya cika, jiki ya murmure daga wahalar damina.

Akwai wani dalili na zamantakewa da bai kamata a tsallake ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na 1957 da 1959 cewa a jerin darajar sana'o'i, mahauta da makaɗa da maroƙa suna can ƙasa, nesa da masu sarauta da malamai da attajirai. Mutumin da aka haifa a gidan fawa ba ya sa ran rawani, ba kuma kowane gida ne zai ba shi aure ba. Fagen dambe ya ba shi abin da gado ya hana shi, wato suna da za a kira a gaban taro, wanda zai tsallake garinsu ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Shi kuma makaɗin da yake kiran sunan, wanda shi ma a ƙasan jerin yake, ya samu jarumin da zai wasa ba tare da ya durƙusa a ƙofar fada ba. Haɗuwar waɗannan mutane biyu ita ce asalin abin da manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suke kira kiɗan maza, wanda ya ƙunshi kiɗan 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri da mafarauta.

Abin da Clapperton ya Gani a Kano

Tsohuwar shaida a rubuce kan damben Hausawa ta fito ne daga Kyaftin Hugh Clapperton, matafiyin da gwamnatin Birtaniya ta turo, wanda ya iso Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya aika a kirawo masa su da alkawarin wuri 2,000, sai ga su sun zo da makaɗa biyu da kuma taron mahautan gari a bayansu. Bayanin da ya bari yana da daraja saboda ƙananan abubuwan da ya lura da su. Ya ga mai kula da fage yana watsa wa 'yan kallo ƙasa domin su ja da baya, ya ga makaɗa ne suka fara shiga tsakiya kafin kowa, sannan ɗan dambe ya fito da fata ɗaure a ƙugu, yana zagaya fage yana miƙa damtsensa ga jama'a, yana kamanta kansa da kura da zaki, su kuma suna dafa kafaɗarsa suna sa masa albarka. Ya kuma bayyana yadda ake naɗe hannun dama da siririn ƙyallen saƙi, a fara daga yatsan tsakiya, a bi dunƙulen hannu da wuyan hannu har zuwa damtse.

Duk wanda ya je gidan dambe a yau zai gane kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, wanda ke nuna cewa siffar wasan ta riga ta zauna shekaru 200 da suka wuce, kuma kiɗa da kirari suna cikinta tun daga farko. Shekarar ma abin lura ce. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, kuma a cikin littafinsa Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba tare da dalilin shari'a ba a cikin halayen sarakunan da ya yaƙa, ya bar ganga ga abubuwa irin su tara runduna. Amma shekaru 20 bayan fara jihadi, mahautan Kano suna nan da makaɗansu a fili, ba a ɓoye ba. Dalilin da ya fi kusa da hankali shi ne kiɗan da ya manne wa sana'a yana da wuyar tumɓukewa, domin muddin ana yanka ana sayarwa, akwai mai ciyar da makaɗi, ko fada ta so ko ba ta so ba.

Fata, Itace da Zare

Kafin a ji amon kalangu sai hannu da yawa sun taɓa shi, kuma a nan ne aikin hannu yake shigowa. Masassaƙi ne yake fafe itace, irin su alilliba, ya fitar da gangar jiki mai faɗin baki biyu da siririn ƙugu. Majemi ya jeme fatar ɗan akuya har ta yi laushi da sirantaka, a rufe bakunan biyu da ita, sannan a haɗa su da tsarkiya, wato siraran igiyoyin fata da suke bin tsawon jikin kalangun. Makaɗi yana rataye shi a kafaɗa ya saƙale shi a hammata, idan ya matse tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, idan ya sassauta ta sauka, yana bugu da lanƙwasasshen ɗan sanda. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya da tsawon wasali suke bambanta ma'ana, kalangu yana iya bin sawun jimla gaba ɗaya har mai sauraro ya ji magana a cikinsa. Kusa da shi akwai kuntuku, 'yar ƙaramar ganga mai baki ɗaya da kaifin murya, wadda take riƙe da gudun kiɗa yayin da kalangu yake zance. Fatar da aka rufe kalangu da ita daga hannun mahauci ta fito, ta bi ta majema ta dawo tana kiran sunansa, kuma wannan zagaye kaɗai ya isa ya nuna yadda sana'o'in suke cin abinci a akushi ɗaya.

Jikin ɗan dambe ma baje kolin aikin dukawa ne. Warkin da yake ɗaurawa na fata ne, wani da tuntaye da rini ja da baƙi, layun da suke wuyansa da kambun da ke damtsensa da gurun da ke ƙugunsa duk baduku ne ya ɗinke su, bayan malami ko boka ya ba da abin da za a sa a ciki. Mai kallo ba ya ganin abin da ke cikin laya, abin da yake gani ɗinki ne da yawa da nauyi, saboda haka aikin baduku yana tsorata abokin karawa tun kafin asirin ya yi nasa aikin, in ma yana da aikin yi. A dā wasu sukan ɗaura akayau, wato ƙarafa a ƙafa, waɗanda suke ƙara idan an taka, suke kuma raunata wanda aka shura, amma an daina barin wannan a fagagen da ake da alƙali.

Sa zare shi ne aikin da ya fi kowanne bukatar ƙwarewa, har ya zama idan an ce wane da wane sun sa zare, ana nufin sun yi dambe. Ɗan dambe yana zaune a ƙasa ya miƙa hannunsa mai ƙarfi, yaronsa ko ubangidansa ya fara naɗe dunƙulen da ƙyalle domin kare ƙashin yatsu, sannan ya bi da igiya mai kauri yana ja yana ɗaurewa, zagaye bisa zagaye, har hannun ya koma kamar kan taɓarya. Idan ɗaurin ya yi sako-sako zai warware a tsakiyar turmi, idan ya yi tsanani jini zai tsaya hannu ya mutu, kuma sanin tsakanin nan ba a koyonsa sai da shekaru. Hannun da aka ɗaure shi ake kira mashi, wanda aka bari a buɗe ana miƙa shi gaba shi ne garkuwa, da shi ake auna nisa, a tare, a kama kan abokin karawa. Kalmomin yaƙi ne, kuma haka sauran kalmomin wasan suke, domin wanda ya kai wani ƙasa an ce ya kashe shi, ko da hannu ko gwiwa ne kawai ya taɓa ƙasa, idan kuwa aka yi zagaye uku ba wanda ya faɗi sai a ce turmi uku babu kisa, a raba su.

Take da Kirari

Take shi ne ɗan gajeren kiɗa da aka keɓe wa mutum ɗaya, wanda idan an kaɗa shi, shi da duk wanda ya san shi za su gane wa ake kira ba tare da an buɗe baki ba. Kirari kuwa magana ce ta yabon kai ko yabon wani, mai gajerun jimloli da kamance da dabbobin dawa da ƙarfe da wuta da annoba. A fage, makaɗi ne yake farawa da taken ɗan dambe, shi kuma ya miƙe jikinsa yana rawa, abin da ake kira tsuma, ya ɗaga hannuwa sama ya yi kururuwa, kiɗa ya tsaya cak, ya zuba kirarinsa, ya lissafa waɗanda ya kashe da garuruwan da ya kashe su, sannan kalangu ya amsa. Bayan haka ne zai ratsa fage ya je gaban wanda yake nema ya nuna masa hannu. Duk wannan yakan ɗauki lokacin da ya ninka na damben kansa sau da yawa, domin turmi yana iya ƙarewa da naushi ɗaya, kuma mai kallon da ya saba ba ya ɗaukar wannan a matsayin ɓata lokaci, tunda a nan ne ake gaya masa ko su wane ne za su kara da kuma tsohuwar gabar da ke tsakaninsu.

Wanda ya kai wannan fanni ƙololuwa shi ne Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda waƙoƙinsa na Shago da Ɗandunawa suka sa sunayen 'yan damben nan biyu suka shiga bakin waɗanda ba su taɓa ganin dambe ba. Halin waƙarsa ya bambanta da na makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo ta wata muhimmiyar fuska. Makaɗin fada yana yabon asali, yana jero kakanni, yana zambo ga 'yan'uwan sarki masu neman gadonsa, kuma darajar wanda ake yabo ta riga ta tabbata kafin a fara waƙa. Makaɗin dambe ba shi da kakannin da zai jero, abin da yake da shi aikin da jaruminsa ya yi da hannunsa ne, kuma wannan aiki yana iya rushewa a yammacin da ake waƙar. Shi ya sa zancen mutuwa da kabari da lahira ya cika waƙoƙin maza, kuma shi ya sa zuga ta fi yabo yawa a cikinsu, wato tura mutum ga abin da hankalinsa zai hana shi. Kassu Zurmi ya yi irin wannan ga 'yan tauri da mafarauta, Muhammadu Gambu ya kai shi har ga ɓarayi, abin da ya jawo masa suka mai yawa, ko da yake ta fuskar fasaha ma'auni ɗaya ne, namiji shi ne wanda ya tunkari abin da ake gudu.

A nan ne ya kamata a yi gyara ga wata fahimta da ta yaɗu, wadda take ɗaukar makaɗi a matsayin maroƙin da yake raɓe da jarumi domin abin da zai samu. Gaskiya ne yana samu, amma bashin ta ɓangare biyu yake. 'Yan damben da suka yi zamani da Shago suna da yawa, wasu ma sun taɓa kai manyan mazaje ƙasa, amma waɗanda ba su samu makaɗi mai kaifin harshe ba sun tafi da sunansu. A al'ummar da ba a rubuta sakamakon wasa, waƙa ita ce kundin tarihi, kuma makaɗi ne yake zaɓar abin da zai shiga ciki.

Daga Dandali zuwa Gida Mai Ƙofa

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyada sun sa kuɗi a hannun talaka, sun kuma ja samari zuwa birane cin rani, mahauta na cikin na gaba, har suka kafa zango a Ibadan da Legas da sauran garuruwan kudu. Dambe ya bi su, kuma da ya zauna a birni ya rabu da kaka, ya koma abin da ake yi kusan kowace yamma a gida mai katanga da ƙofa, inda ake biya kafin a shiga, kamar yadda ake gani a Kano da Dei-Dei ta Abuja da Maraba ta Jihar Nasarawa. Gasar da a dā take tsakanin ƙauye da ƙauye ta koma tsakanin ɓangarori uku, Kudu da Arewa, wadda ake kuma kira Jamus, da Guramaɗa. Gado ma ya sassauta, domin yanzu akwai 'yan haye da yawa, wato waɗanda suka shiga ba don iyayensu mahauta ba ne. Sai dai tsarin ubangida da yaro ya maye gurbin jini, kuma ana jinsa a sunaye, inda ake kiran matashi Shagon wane ko Autan wane, ko Bahagon wane idan da hagu yake bugu, ta yadda sau da yawa sunan ɗan dambe yana ɗauke da na wanda ya koya masa. Akwai kuma ajo, wato wasan da ake shiryawa domin tara wa wani ɗan dambe ko makaɗi gudummawa idan zai yi aure ko wata hidima ta taso masa, wanda ba wani abu ba ne illa gayya da ta sauya tufafi.

Kalangu ma ya yi irin wannan tafiya, kuma Mamman Shata ne ya ja shi. An haife shi a Musawa a 1923, ba a gidan makaɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, saboda haka shi kansa ɗan haye ne. Ya ɗauki gangar mahauta da ta 'yanmatan dandali ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da 'yan siyasa waƙa da ita, bai zama makaɗin kowa ba, kuma da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, daga baya kaset ya yaɗu, muryarsa ta kai duk inda Bahaushe yake. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa yana ƙalubalantar sauran mawaƙa, kirarin ɗan dambe ce a bakin makaɗi, har da tsayawa a tsakiyar fage da neman wanda zai fito. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya bi wata hanyar da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa, wato ya ba da suna ga wanda ba a kira. Mawaƙan fiyano da suka taso tare da finafinan Hausa bayan Turmin Danya na 1990 sun aro amo daga Indiya da wasu wurare, amma kiran suna a karɓi kyauta yana nan, musamman a waƙoƙin siyasa da na biki.

Kokawa a Hannun Hukuma

A Nijar al'amarin ya ɗauki wata hanya. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta ga kokawa wasa ne da Hausawa da Zabarmawa da sauran al'ummomin ƙasar suka yi tarayya a kai, sai ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, wadda ita ce aka sani yau da gasar takobi. Jihohi takwas, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace tana kawo 'yan kokawa 10, gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha, rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa ta kai tsaye, wanda ya yi nasara a ba shi takobi da doki da kuɗi. An gina filayen kokawa na dindindin, aka kuma sa musu sunayen tsofaffin zakaru, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. A shekarun baya-bayan nan Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ɗan jihar Doso, ya ɗauki takobin sau da dama.

Abin da wannan ya sauya shi ne wurin ajiye suna. Ɗan kokawar Nijar yana da jerin zakaru a rubuce da fili mai ɗauke da sunansa, ɗan damben Nijeriya kuwa, duk da an shigar da wasannin gargajiya cikin gasar wasanni ta ƙasa, kuma ana yinsu a bikin kamun kifi na Argungu, yawanci kasuwa ce take riƙe da shi, wato mai gidan dambe da attajirin da ya sa mota ko babur a gasa da 'yan kallon da suke liƙa masa kuɗi a goshi. Duk da haka hukumar Nijar ba ta kori makaɗa daga fili ba, ba ta kuma cire wa 'yan kokawa warki da layu ba, har cali-cali, masu kwaikwayon 'yan kokawa suna ba jama'a dariya tsakanin karawa da karawa, an bar musu wurinsu. Masu shirya gasar sun gane cewa idan aka bar maza biyu su kaɗai a kan yashi, abin da ya rage ba zai tara mutanen da yake tarawa ba.

Matsin da dambe yake fuskanta yanzu daga wayar hannu yake zuwa. Hotunan bidiyo da ake sawa a YouTube da Facebook sun kai wasan ga miliyoyin masu kallo a ƙasashen da ba a jin Hausa, sun kuma jawo kamfanoni masu shirya gasa da awon nauyi da ƙayyadadden lokaci da likita a gefen fage, waɗanda babu mai musun amfaninsu ga lafiyar 'yan wasa, ganin irin raunin da zare yake yi wa fuska da haƙora. Sai dai abin da ake yankowa a watsa yawanci daƙiƙun kisa ne kawai, daga ɗaga mashi zuwa faɗuwa, a zubar da take da tsuma da kirarin da suka gabace shi, domin mai kallon da ba ya jin harshen ba zai jira su ba. A irin waɗannan hotuna ana jin kalangu daga nesa, ƙarƙashin ihun jama'a, makaɗin kuwa sau da yawa ba ya fitowa a hoton, kuma ba a rubuta sunansa a ƙasa tare da na 'yan damben biyu.